Muhawara: Shin labarin iyalan von Trapp haka ya faru yadda fim ya nuna mana?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na zauna da yarana muka kalli The Sound of Music, tsohon fim ɗin nan na waƙe-waƙe da ya fito a 1965, wanda ni kaina na fara gani ina ƙaramin yaro a kaset ɗin bidiyo a gidan kawuna. Da aka kai ƙarshe, inda kyaftin da amaryarsa da yaransa bakwai suke hawan duwatsu da ƙafa daga Ostiriya zuwa Suwizalan suna guje wa 'yan Nazi, sai babbar 'yata ta tambaye ni ko abin ya faru da gaske, ni kuwa na amsa mata cewa dukansa gaskiya ne, domin na san iyalan von Trapp mutane ne da suka rayu, kuma na ji cewa matar gidan ce da kanta ta rubuta labarin. Har yanzu a kan wannan ra'ayi nake: tun da mai labarin ce ta ba da shi, ai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma ina roƙon masana a cikinmu su tabbatar mini ko su yi mini gyara kafin yarinya ta kai maganata makaranta.

MalaminTarihi_Zariya:
Wa alaikumus salam, Abban Sadiq. Mutanen gaskiya ne, amma an taƙaita shekaru kusan goma sha biyu an mayar da su 'yan watanni. Maria Kutschera ta shiga gidan kyaftin ɗin, Georg von Trapp, a 1926, aka ɗaura musu aure a ranar 26 ga Nuwamba 1927, ita tana da shekara 22 shi kuma yana da 47. Jamus ba ta haɗiye Ostiriya ba sai a watan Maris na 1938, lokacin da auren ya haura shekara goma har Maria ta haifi 'ya'ya mata biyu, Rosmarie da Eleonore. Na ukun, Johannes, an haife shi a Philadelphia ta Amurka a farkon 1939, wanda ya cika adadin 'ya'yan kyaftin ɗin goma. Fim kuwa ya nuna kamar daga dawowarsu yawon amarci suka tarar da tutar Nazi a ƙofar gida. Sannan an sauya sunayen yaran duka da tsarin haihuwarsu. Babbansu namiji ne mai suna Rupert, an haife shi a 1911, kuma lokacin da suka bar ƙasar ya riga ya zama likita, sai Agathe, da Maria Franziska, da Werner, da Hedwig, da Johanna, da auta Martina wadda aka haifa a 1921. Ka ga ke nan ƙaramar bakwai ɗin ma budurwa ce mai kimanin shekara 17 a lokacin tafiyar. Ita kuwa budurwar nan mai shekara 16 da saurayinta mai kai wasiƙun waya, marubuta ne suka ƙirƙiro su.

Ladi_Kafanchan:
Ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Malam, domin ni 'yar Katolika ce kuma na sha jin mutane suna cewa sista ce ta yi watsi da alkawarinta ta yi aure. Maria ba ta kai ga ɗaukar alkawarin zuhudu ba, tana matakin mai neman shiga ne a gidan zuhudu na Nonnberg da ke Salzburg, kuma mai wannan matsayi tana da damar fita ba tare da laifi ba. Kuma ba renon yara bakwai aka tura ta yi ba. An tura ta ne ta koyar da yarinya guda, wato Maria Franziska, wadda jinya ta raunana ta har ba ta iya zuwa makaranta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a littafinta na 1949 ta faɗa da bakinta cewa lokacin da aka nemi aurenta ba ta son kyaftin ɗin irin son aure, yaran ne suka shiga ranta, kuma ta koma Nonnberg neman shawara aka ce mata ta karɓi auren a matsayin nufin Allah. Ta ce daga baya ne ta zo ta ƙaunace shi ƙwarai.

Bazamfare77:
Ni batun duwatsun nan ne yake ba ni dariya, kuma duk wanda ya buɗe taswira zai gane dalili. Salzburg tana bakin iyakar Jamus ne, Suwizalan kuwa tana can yamma da nisa. Da sun hau duwatsun da ke kusa da su kamar yadda aka nuna, da sun gangara yankin Berchtesgaden, inda Hitler yake da gidan hutawarsa, wato da ƙafarsu za su kai kansu bakin kura. Abin da ya faru shi ne, sun ɗauki jakunkunansu da rana tsaka suka shiga jirgin ƙasa zuwa Italiya, bayan sun gaya wa mutane cewa za su je Amurka yin waƙa, domin sun riga sun ƙulla yarjejeniya da wani mai shirya wasanni a can. Daga Italiya suka wuce Landan, suka hau jirgin ruwa zuwa New York a ƙarshen 1938.

Ummi_Gwammaja:
To Malam Bazamfare, ta yaya aka bar su suka tsallaka iyaka salin alin alhali ƙasar tana hannun 'yan Nazi? Ni a tunanina kyaftin ɗin ɗan Ostiriya ne da hukuma take nema.

Bazamfare77:
Malama Ummi, amsar tana wurin haihuwarsa. An haifi Georg a 1880 a garin Zara, wanda yau ake kira Zadar a ƙasar Kuroshiya, a lokacin yana cikin daular Ostiriya da Hangare. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya daular ta wargaje, garin ya koma hannun Italiya, sai ya zama yana da 'yancin zama ɗan Italiya, iyalinsa ma haka. Wannan wargajewar ce kuma ta raba shi da aikinsa, domin Ostiriyar da ta rage ba ta da gaɓar teku ko taku guda, sai ga hafsan sojan ruwa a ƙasar da ba ta da rundunar yaƙin teku.

Maman_Hanifa:
Duk waɗannan gyare-gyare na shekaru da taswira ba su dame ni ba kamar abin da aka yi wa mutum biyu a labarin, wato uban yaran da mahaifiyarsu. An nuna uban a matsayin mutum mai murtuke fuska wanda ya mayar da gidansa bariki, ya haramta waƙa, sai da baƙuwa ta zo ta tausasa zuciyarsa. 'Ya'yansa kuwa sun yi ta bayyana cewa mahaifinsu mutum ne mai sanyin hali da jan yara a jiki, kuma gidan cike yake da kiɗa tun kafin Maria ta tako shi. Usur ɗin da yake busawa a fim don kiran yara gaskiya ne, kowane yaro da irin kiransa, amma dabara ce ta tsohon matuƙin jirgi mai yara da yawa a gida mai faffaɗan fili. Ita kuwa mahaifiyarsu, Agathe Whitehead, jikar Robert Whitehead ce, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro makamin nan da ake harba wa jiragen ruwa ta ƙarƙashin teku, kuma yawancin dukiyar gidan daga wajenta ta fito. Ita ta haifi bakwai ɗin nan cikin shekara goma, ta raine su cikin wahalar yaƙi, ta rasu a 1922 sakamakon wani zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje da ta kamu da shi. A fim ko sunanta ba a ambata ba. Abban Sadiq ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to tambayata ita ce, wace ce mai waƙar? Matar uba ce ta riƙe alƙalami, masu fim kuma suka ɗora nasu a kan nata. Babbar 'yar gidan, Agathe, mai sunan mahaifiyarta, sai da ta tsufa sannan ta rubuta nata littafin domin a san mahaifinta da mahaifiyarta yadda ta san su.

Ɗan_Kantin_Kwari:
Ina ganin kuna neman ɗora wa fim nauyin da bai ce zai ɗauka ba. Masu shirya shi 'yan kasuwa ne, kuma ba daga littafin kai tsaye suka ɗauko ba. Jamusawa ne suka fara yin fim a kan iyalan a 1956, sannan Richard Rodgers da Oscar Hammerstein suka yi wasan dandamali mai waƙoƙi a New York a 1959, daga nan Robert Wise ya mayar da shi fim da Julie Andrews da Christopher Plummer. Labarin da ya bi ta hannu uku dole ya sauya kama. Kuma ku yi mini adalci, wa zai zauna kusan awa uku yana kallon uba mai kirki da yara masu ladabi suna sayen tikitin jirgin ƙasa? Dole a sami wanda zai sauya hali, dole a sami gudun tsira. Ba don waɗannan ƙare-ƙaren ba, da fim ɗin bai ci kyautar Oscar biyar ba, kuma da mu da muke nan ba mu taɓa jin sunan von Trapp ba balle mu yi musu a kansa.

Hajiya_Damagaram:
Ɗana na Kantin Kwari, maganarka ta kasuwa daidai ce, amma da a ce mahaifinka ne aka ɓata wa hali a idon duniya ana kiran sunansa na gaskiya, da ba ka ce ƙari ne kawai ba. Maganar Maman Hanifa ta taɓa ni, domin ni ma a hannun matar uba na tashi. Mahaifiyarmu ta rasu ta bar mu mu biyar, matar da babanmu ya auro ta riƙe mu tsakani da Allah, ta aurar da mu, ba zan taɓa cin amanarta ba. Amma har yau idan dangi suka taru ana labarin gidanmu, daga ranar da ta shigo ake farawa, kamar kafin nan ba a taɓa hura wuta a gidan ba. Ba ta yi da mugunta ba, ita ce dai ta daɗe a duniya kuma ita ce mai baki. Allah ya jiƙansu duka.

Ladi_Kafanchan:
Amin, Hajiya. Sai dai ina so a yi wa Maria adalci ita ma, kada daga gyaran hoton uba mu koma ɓata nata. Gaskiya ne cewa 'ya'yan mijinta sun ce ita ce mai zafin rai a gidan, tana iya fashewa da faɗa nan take sannan ta huce kamar ba a yi ba. Amma ku dubi abin da ya same su a 1935. Georg ya kwashe kuɗinsa daga wani banki a Landan ya zuba a bankin wata ƙawar iyalin a Ostiriya domin ya tallafe ta, bankin ya durƙushe, kusan duk dukiyar ta tafi. Maria ce ta sallami yawancin ma'aikatan gida, ta tattara iyali a saman bene, ta zuba 'yan haya a sauran ɗakunan. Waƙar da suke yi don nishaɗi ta zama hanyar cin abinci, alhali shi kyaftin ɗin da farko yana ganin abin kunya ne iyalinsa su hau dandamali don kuɗi. Mace mai sanyin hali irin wadda aka nuna a fim ba za ta iya jan mutum goma sha biyu ta tsallaka teku da su ba.

MalaminTarihi_Zariya:
Malama Ladi ta kawo mu kan mutum na uku da aka shafe, kuma a nawa ganin nasa rashin adalcin ya fi na kowa. A wannan shekarar ta 1935 ne wani matashin limamin Katolika, Fada Franz Wasner, ya fara zuwa gidan yin addu'a, ya ji muryoyin yaran, ya ɗauki nauyin horar da su. Shi ne ya tsara musu waƙoƙi, ya jagorance su kimanin shekara ashirin, ya bi su har Amurka. A fim an cire shi an sa wani ɗan duniya mai son kuɗi da ake kira Max, wanda bai taɓa wanzuwa ba. Wadda ta ƙarfafa musu gwiwar fitowa fili kuwa shahararriyar mawaƙiya ce, Lotte Lehmann, da ta ji su a 1936, suka shiga gasa a Salzburg suka yi nasara, daga nan suka fara zagaya ƙasashen Turai.

Sojan_Ruwa_Mai_Ritaya:
Ku ba ni dama in ja birki kaɗan game da kyaftin ɗin, domin na ga an fara mayar da shi waliyyi. Mutumin kirki ne a gidansa, ban musa ba, amma sunan da ya yi a yaƙi ya yi shi. Kwamandan jirgin yaƙi mai nutso ne, kuma a watan Afrilun 1915 jirginsa ya nutsar da babban jirgin yaƙin Faransa mai suna Léon Gambetta a tekun da ke kudancin Italiya, inda sama da mutum 600 suka halaka. Daga baya ya nutsar da jiragen dakon kaya da dama. A Ostiriya gwarzo ne mai lambar girma, amma a gidajen waɗancan matuƙan Faransa wani suna ne daban. Wannan tarihin ne ma ya sa 'yan Nazi suka yi kwaɗayinsa, suka yi masa tayin muƙami a rundunarsu ta ruwa.

Ummi_Gwammaja:
Ni tambayata a kan waƙoƙin ce. Shin waɗanda muka haddace daga fim ɗin su ne iyalan suke rerawa? Musamman wadda uban ya rera game da farar furen dutse, na ɗauka taken ƙasarsu ne ko wata tsohuwar waƙar gargajiya.

Ɗan_Kantin_Kwari:
Ko kusa, Malama Ummi. Waƙar furen nan, wato Edelweiss, a Amurka aka rubuta ta domin wasan 1959, kuma ita ce waƙa ta ƙarshe da Hammerstein ya rubuta kafin rasuwarsa a 1960. Su iyalan tsofaffin waƙoƙin coci da na ƙarnonin baya da na gargajiyar ƙauyukan Ostiriya suke yi, sau da yawa da murya zalla, wani lokaci da sarewa. Fim ɗin bai karɓu a Ostiriya da Jamus ba lokacin da ya fito, kuma har yau baƙi masu yawon buɗe ido ne suka fi 'yan Salzburg saninsa. Gidan da aka nuna ma ba nasu ba ne, an haɗa wurare biyu ne, Leopoldskron da Frohnburg, ɗaurin auren kuma a cocin Mondsee aka ɗauka alhali na gaskiyar a Nonnberg aka yi. Wannan duk yana ƙarfafa maganata ta farko, cewa abin da muke kallo ƙirƙira ce da aka jingina da mutanen gaskiya.

Maman_Hanifa:
Idan ƙirƙira ce, me ya hana su ƙirƙiri suna? Sun riƙe sunan mutane domin shi ne ke jawo 'yan kallo, sannan mutanen ba su da ta cewa a kan abin da aka yi da shi. Maria ta sayar wa Jamusawan nan haƙƙin labarin a kan dala 9,000 kacal, su kuma suka sayar wa Amurkawa, fim ya tara ɗimbin miliyoyi, iyalan suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bazamfare77:
Abin da nake jin takaicinsa shi ne, inda fim ya tsaya nan ne labarin ya fara daɗi. Bizarsu ta farko ta ƙare suka koma Turai suna waƙa a ƙasashen arewa, suka dawo New York a watan Oktoba 1939, aka tsare su 'yan kwanaki a tsibirin Ellis saboda Maria, cikin murna, ta gaya wa jami'in shige da fice cewa ba ta son ta sake barin ƙasar, alhali bizar baƙunci gare su. Sun yi shekaru suna yawo a motar bas daga gari zuwa gari. A 1942 suka sayi gona a Stowe ta jihar Vermont, domin duwatsun wurin suna tuna musu gida. Rupert da Werner suka shiga sojan Amurka a rundunar yaƙin duwatsu. Georg ya rasu a 1947 da ciwon dajin huhu, ke nan bai ga littafin ba balle fim. Gonar ta zama masaukin baƙi a 1950, ta ƙone a 1980, aka sake gina ta, Maria kuma ta rasu a 1987.

Abban_Sadiq:
Na gode ƙwarai, kuma na karɓi gyara a kan shekaru da duwatsu da sunaye. Na kuma janye karin maganar da na kawo, tun da Maman Hanifa ta nuna mini cewa masu waƙar suna da yawa. Amma akwai abu guda da nake son Malam na Zariya ya tabbatar mini, domin shi ne abin da ya sa na nuna wa yarana fim ɗin: shin da gaske ne mutumin ya ƙi yi wa Hitler aiki ya bar gidansa saboda haka? Idan wannan ya tabbata, ni a wurina ƙashin bayan labarin yana nan.

MalaminTarihi_Zariya:
Wannan ya tabbata, Abban Sadiq. Ya ƙi karɓar muƙamin sojan ruwa, Rupert ya ƙi aikin likita da aka yi masa tayi a wani asibitin Vienna a lokacin da ake korar likitoci Yahudawa, kuma Maria ta ba da labarin cewa sun ƙi amsa gayyatar rera waƙa a bikin zagayowar ranar haihuwar Hitler. Ƙi uku a jere a ƙarƙashin irin waccan gwamnati ba wasa ba ne, ko da fitarsu ta kasance a jirgin ƙasa. Gidan nasu da ke unguwar Aigen kuwa, Heinrich Himmler, ɗaya daga cikin manyan jagororin 'yan Nazi, shi ne ya mamaye shi a lokacin yaƙi. Amma zan ƙara da cewa neman abinci ma yana cikin dalilan tafiyar, tun da dukiya ta ƙare kuma ga kwantiragi yana jiransu a Amurka.

Hajiya_Damagaram:
Abban Sadiq, idan za ka koma wa yarinyar da bayani, ka haɗa mata da sunan Agathe, uwar bakwai ɗin. Ni dai shi ne roƙona.

Ladi_Kafanchan:
Ka kuma gaya mata ƙarshen yarinyar nan marar lafiya da aka kawo Maria dominta. Bayan ƙungiyar ta daina yawon waƙa a tsakiyar shekarun 1950, Maria Franziska ta tafi Papua New Guinea aikin mishan, ta yi kimanin shekara talatin a can, kuma ita da ake ganin ta fi kowa rauni ita ce ta ƙarshe da ta rasu a cikin bakwai ɗin, a 2014, tana da shekara 99. Malam Ɗan Kantin Kwari, har yanzu ba ka amsa tambayar Maman Hanifa game da riƙe sunan ba.